Azumin Arba'in: Yadda Za Ka Riƙe Shi Daga Larabar Toka Har Daren Ista

Duk Kiristan da ya tashi a Arewa ya taɓa shan wannan tambaya daga bakin maƙwabci ko abokin sana'a: "Wai ku ma kuna azumi?" Ka ce e, sai ta biyu ta biyo baya: "To, irin wanda ake shan ruwa ne?" Galibi ba da wata manufa ake yin ta ba. Azumin watan Ramadan a fili yake, yaro ma ya san lokacin sahur da na buɗa-baki, kasuwa da makaranta duk sai sun sauya tafiya. Namu kuwa shiru yake zuwa, har ta kai wasu daga cikinmu ba su san ƙa'idarsa ba. A 2025 an shafa toka, alamar fara azuminmu, ranar 5 ga Maris, Ramadan na da 'yan kwanaki da kamawa, a 2026 kuma azumin biyu suka kama a mako guda. A waɗannan shekaru na ga matasanmu sun rabu biyu: masu kwaikwayon azumin maƙwabta don kada a raina su, da masu cewa ai mu a ƙarƙashin alheri muke, ba ruwanmu da yunwa. Duka biyun sun bar ni da damuwa, domin azumin nan yana da nasa tsari, tsoho ne kuma, tun ƙarni na 4 Ikkilisiya take riƙe da shi.

Fara da sanin kwanakin

Ranar Ista ce ke jan komai. Ita ce Lahadi ta farko bayan cikar watan sama da ta faɗo a 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Daga Ista ka ƙirga kwana 46 baya, ka iso Larabar Toka. Cire Lahadi shida da ke tsakani, saura 40. Ba a azumi ranar Lahadi, domin kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce. A 2027 Larabar Toka za ta faɗo 10 ga Fabrairu, Ista kuma 28 ga Maris.

Arba'in ɗin daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi. Musa ya yi kwana 40 a kan dutse bai ci ba bai sha ba, Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, an ba mutanen Nineba kwana 40 su tuba, Yesu kuma ya yi kwana 40 a jeji kafin ya fara wa'azi. A zamanin da, lokacin shirya masu neman baftisma ne, waɗanda za a yi wa a daren Ista, sauran masu bi kuma suna taya su da azumi.

Tambayi ikkilisiyarka

Katolika, Angilika, Lutheran da Methodist suna kiyaye wannan lokaci a kalandarsu. Wasu ikkilisiyoyin sun fi sa azuminsu a farkon shekara, cikin Janairu, ba sa shafa toka. In a cikin irin waɗannan kake, ba wanda ya hana ka keɓe kwanakin nan, amma ka sanar da fastonka, kada kuma ka koma kana yi wa 'yan'uwa kallon marasa ruhaniya.

Ƙa'idar Katolika a rubuce take, kuma tana da sauƙi fiye da yadda mutane ke zato. Ranakun azumi na dole biyu ne, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, wato ranar tunawa da gicciye Yesu. A cikinsu ana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakken ci ba. Wannan ya hau kan mai shekara 18 zuwa 59. Barin nama kuwa ya hau kan duk wanda ya kai 14, a waɗannan ranaku biyu da kowace Jumma'a ta lokacin. An yarda da kifi, ba a kuma hana ruwa ba. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema, sauran kwanakin an bar wa mutum ya zaɓa da kansa. A nan ne aikin yake.

Yanke irin azumin da za ka yi, tun kafin Laraba

"Zan yi ƙoƙari" ba shiri ba ne. Wanda ya shiga da wannan magana, mako na biyu ba ya riskarsa. Zauna ranar Lahadin ƙarshe kafin Larabar Toka, ɗauki takarda, ka rubuta abu uku: ranakun da za ka yi, ƙarfe nawa za ka buɗe, da abin da za ka bari gaba ɗaya har Ista.

A wajenmu an saba da ƙarfe shida na safe zuwa sha biyu, shida zuwa uku, da shida zuwa shida. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da sha biyu, Laraba da Jumma'a kaɗai, in jiki ya saba ya ƙara. Akwai kuma irin na Daniyel, wanda ya yi mako uku bai ci nama ba, bai sha ruwan inabi ba, bai taɓa abincin marmari ba. Wannan ya dace da mai aikin ƙarfi wanda ba zai iya wuni da ciki wayam ba.

Sai maganar ruwa, kuma ina roƙo a saurare ni a nan. Lokacin nan yana farawa ne a ƙarshen hunturu ya ƙare a tsakiyar bazara. A Maris da Afrilu zafi a Yola, Maiduguri da Sakkwato yakan haura digiri 40. Lebura a wurin gini, ɗan acaɓa, mai sharar gona, mace mai suyar ƙosai a bakin wuta, in suka ce za su yi arba'in babu ruwa, asibiti suke nema. Ka sha ruwa. Ba a rage maka komai ba a wurin Allah, kuma ba gasa kake da kowa ba. In kana son busasshen azumi, keɓe masa wuni ɗaya, kamar Jumma'a Mai Kyau wadda hutu ce a Najeriya, ka zauna a inuwa.

Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai sikila, mai juna biyu, mai shayarwa, tsoho da ya raunana, da duk mai shan magani kullum a kan lokaci, azumin abinci bai hau kansu ba. Su nemi shawarar likita kafin su sauya ko da lokacin karin kumallo. Abin da ke tafe a ƙasa ya ishe su yi, har ya yi yawa. Yara kuma kada a tilasta musu wuni. A bar yaro ya zaɓi abu ɗaya da yake so, alawa ko biskit, ya ajiye kuɗinsa.

Wajen buɗewa, fara da ruwa, ka ɗan jira, sannan kunu ko koko, sannan abinci. Wanda ya wuni da yunwa ya zo ya haɗa na safe da na rana da na dare a faranti guda, lokaci kawai ya sauya wa cikinsa.

Tukunyar gefen murhu

Nan ne nake so a daɗe. Dokar barin nama ta fi yin tasiri ne a inda nama yake a tukunya kullum. A gidaje da yawa a ƙauyukanmu, har da birni a wannan tsada, ana iya wata guda ba a ga tsoka ba. Ka ce wa mai cin tuwo da miyar kuka safe da dare ya bar nama ranar Jumma'a, me ya bari? A gefe guda kuma akwai mai hali da zai bar naman naira dubu biyu ya sayi kifin dubu biyar, ya ce ya kiyaye doka. Ya kiyaye ta a baki, amma ya san bai ji komai a jikinsa ba.

Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya kawo ƙarar mutanen da suke tambayar Allah me ya sa suka yi azumi bai duba ba. Amsar da aka ba su ita ce, a ranar azumin nasu suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da Allah ya zaɓa, in ji annabin, shi ne a kwance wanda aka ɗaure da zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigar da marar wurin kwana gida, a suturta marar tufa. Ma'ana, abin da ka hana cikinka ya tashi daga zama naka. In ya koma rumbu ko aljihu, tattali ka yi.

Daga kakata na koyi yadda ake yin sa. Da an shiga azumi sai ta ajiye wata tsohuwar tukunya a gefen murhu. Duk sa'ad da aka auno hatsin girki, kafin a kai niƙa, sai ta dumbuza ɗaya ta zuba a ciki. Ba wanda ya kwana da yunwa a gidan saboda wannan dintsi, amma kowa ya san tuwon ya ɗan ragu, kuma kowa ya san dalili. Kafin Ista tukunyar ta cika an juye, ta sake cika.

Ga yadda za ku yi a naku gidan. Uwargida, ki samo tukunya ko bokiti mai murfi, ki ajiye inda yara za su gani. Kowane girki, dintsi ɗaya na abin da za a dafa, masara, dawa, shinkafa ko wake, kowanne a ƙullinsa. Ranar da mutanen gida suka tsallake abincin rana, awon wannan abincin gaba ɗaya ya shiga tukunya. Maigida kuma ya samo gwangwani. Abin da ya saba kashewa a shayi, tsire, goro, lemon kwalba, burkutu ko katin waya, in ya bari, kuɗin ya shiga gwangwanin a ranar, kada a ce sai ƙarshen wata. Naira 500 a kullum, kwana 40, ta zama 20,000. Mutum yakan yi mamakin abin da ke zurarewa daga hannunsa ba tare da ya lura ba.

Abu na gaba ya fi tara hatsin muhimmanci: ku san wanda za a kai wa tun makon farko. Ku zauna ku ambaci gida ɗaya. Gwauruwar da ke zama a bencin baya, marayun da kakarsu ke riƙo, iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suna raɓe a ɗakin wani, ɗan'uwan da ke gidan yari ba mai kai masa sabulu. Ba dole sai Kirista ba. Yunwa ba ta tambayar addini, kuma a unguwannin da ake zaman cuɗanya, kwanon buɗa-baki ya sha tsallako katanga ya shigo gidajenmu. Idan akwai fuska a gabanka, yunwar ƙarfe biyu na rana takan zo da sunan mutum, sai ka yi masa addu'a a maimakon duban agogo.

Lokacin ma ya dace. Watannin nan ne rumbu ke fara ja baya, hatsi na tashi a kasuwa, ga kuɗin taki da iri na jiran manomi. Mudu biyar a Afrilu ya fi buhun da aka bayar da kaka daraja a wurin mai karɓa.

Wajen kaiwa, a kai da dare ko a aika ta hannun dattijuwa ɗaya mai riƙon asiri a zumuntar mata. Babu hoto, babu sanarwa a majami'a. Yesu ya ce kada hagunka ta san abin da damanka ke yi. Mai karɓa yana da mutunci, kuma gobe tare za ku zauna a sujada.

Akwai kuma sadakar da ta riga wannan. In kana riƙe da kuɗin lebura, ko albashin yarinyar da ke aiki a gidanka, ko bashin mai kanti da kake zillewa alhali kana da halin biya, fara da nan. Ba a kyauta da haƙƙin wani a aljihu.

Larabar Toka

Tokar daga ganyen dabinon bara ake samunta, wanda aka riƙe a Lahadin Dabino, wato Lahadin ƙarshe kafin Ista, a ƙone shi. In kana da naka a maƙale a bango, kai wa katikis, malamin majami'a, kafin ranar. Mai shafawa zai zana gicciye a goshinka ya tuna maka cewa kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma, ko kuma ya ce ka tuba ka gaskata bishara. Za ka ga an sa tufa shunayya a bagade, an kuma ajiye Halleluya sai daren Ista.

Mutane kan tambaya ko a wanke tokar. Babu dokar da ta ce a bar ta wuni. Abin lura shi ne, a ranar ce ake karanta Matiyu sura 6, inda aka ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada ya ɓata rai don a gani. In barinta zai sa ka ji kai wani ne, goge. In kunyar a san kai Kirista ne ke sa ka gogewa, bar ta. Inda kuma zaman garin yake da tsami, ka yi hikima, ba wanda ya ce ka jefa kanka cikin hatsari saboda alama.

Cike gurbin da abincin ya bari

Lokacin da ka saba ci, shi ne lokacin addu'arka. Kada ka nemi wani. Minti ashirin na abincin rana sun isa: karanta sura ɗaya, yi shiru kaɗan, yi addu'a domin gidan da kuka ambata, sannan domin kanka.

Ga tsarin karatu mai sauƙin riƙewa. Bisharar Markus sura 16 ce, ta Luka 24. In ka haɗa, 40 cif. Sura ɗaya kowace ranar azumi, ka fara Markus ranar Larabar Toka, za ka iso Luka 23, labarin gicciye, ranar Jumma'a Mai Kyau, ka rufe da Luka 24 ranar Asabar, ana shirin shiga daren tashi. Ranakun Lahadi kuma ka ɗauki zaburar tuba ɗaya: 6, 32, 38, 51, 102, 130, 143. Bakwai ne, Lahadin shida, don haka ka karanta ta 51 tun ranar toka. Wanda bai iya karatu ba, ya sa jika ko ɗa ya karanta masa da Hausa bayan tuwon dare. Sau da yawa wannan ne ke zama sujadar iyali a gidan da ba a saba yi ba.

Ranar Jumma'a da yamma akwai Hanyar Gicciye, tasha 14 daga hukuncin Bilatus zuwa kabari. Ka je ko da ba ka saba ba. Durƙuso da tashi sau goma sha huɗu da ciki wayam yana koya wa jiki abin da wa'azi bai iya koya masa ba.

Baki, waya da wanda kuke gaba

Barin tuwo ya fi barin gulma sauƙi nesa ba kusa ba. Yunwa tana sa saurin fushi, kuma mutanen gida ne ke fara ɗanɗanawa. In azuminka ya sa yara na ɓuya in sun ji sallamarka, sassauta shi, ka ci wani abu, ka dawo da fara'arka.

Wayar hannu kuwa sai an sa mata iyaka mai lamba. Misali, ba Facebook ba TikTok kafin ka yi karatun ranar, kuma a kashe data ƙarfe tara na dare. Mai cacar ƙwallo ya goge manhajar ɗungurungum. Ma'aurata da ke son ƙaurace wa shimfiɗa domin addu'a, Bulus ya ce sai da yardar juna kuma na ɗan lokaci, don haka ba hukuncin mutum ɗaya ba ne.

Sai mai wuyar. A Matiyu 5 an ce in ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Kusan kowane gida akwai irin wannan: rikicin gonar gado, kishiyar da ba a gaisawa, ɗan'uwan da aka yi shekara uku ba a taka ƙofarsa ba. Sa wa kanka rana kafin Lahadi ta huɗu, wadda ita ce tsakiyar tafiya. In ba za ka iya zuwa kai kaɗai ba, ɗauki kawu ko dattijon ikkilisiya. Ka je da "na yi kuskure, ka yafe mini," ka bar lissafin nasa laifin a gida. Yana iya ƙin karɓa, wannan kuma tsakaninsa da Allah. Sulhu da wanda ya zubar da jinin naka wani abu ne dabam, mai nauyi, ba na kuma cewa a gama shi cikin kwana arba'in. Wanda ke ɗauke da irin wannan ciwo, in abin da ya iya a bana shi ne ya faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ransa, ya fara.

Ɗan Katolika ya je wurin Fada, wato firist, ya furta zunubansa tun da sauran lokaci, kada ya jira layin Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista. Sauran kuma su nemi fasto ko wani amintacce su buɗe masa ciki.

In ka karya

Za ta iya faruwa, a wurin biki ko ranar da gajiya ta yi yawa. Kada ka ce tunda ya lalace bari sai baɗi. Faɗa wa Allah, ka ci gaba washegari. Ba a biyan tara, ba a kuma sake ƙirga daga farko. In ka ga kana karyawa a kai a kai, ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka ne, rage shi.

Mako Mai Tsarki

Lahadin Dabino ce ƙofarsa. Ka adana ganyenka, shi ne tokar baɗi. Tun Litinin ka rage hidimomin da za su ɗauke maka hankali, ɗinkin Ista da cefane a gama su da wuri.

Alhamis da yamma ana tuna Jibin Ubangiji da wankin ƙafafun almajirai. Wannan ce ranar da ta fi dacewa a juye tukunya da gwangwani a kai inda aka nufa, domin gidan su ma su sami abin ɗorawa a murhu ranar Ista. Ku tafi da yaro ɗaya ya riƙe ƙullin, ya ajiye a bakin ƙofa, ya gaida mutanen gida da ladabi.

Jumma'a Mai Kyau ba a yin Mas, wato sujadar Jibin Ubangiji ta Katolika. Ana taruwa wajen ƙarfe uku na rana, sa'ar da Yesu ya mutu, a karanta labarin shan wuyarsa daga Yohanna 18 da 19. A garuruwa da yawa matasa kan zagaya da gicciye tun da safe, in za ka bi, riƙe gorar ruwa saboda tsofaffi da yara. Abincin ranar ya zama marar armashi, fate ko wake, a kashe rediyo da talabijin.

Asabar shiru ce, Ubangiji na kabari. In dare ya yi ana hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, a shiga majami'a cikin duhu kowa na kunna nasa daga na maƙwabcinsa. A daren ne ake yi wa sababbin masu bi baftisma, a kuma ɗaga Halleluyar da aka ajiye tun Larabar Toka. In an tashi, ka ci da sauƙi, domin cikin da ya saba da kaɗan ba ya son a afka masa da nama da mai lokaci guda. Da safe a dafa shinkafa, a yanka kaza in da hali, a zuba a kwanuka a aika wa maƙwabta, har da wanda ya tambaye ka ko ku ma kuna azumi.